Aku 'Yar Layin Baya

Duk macen da ta taɓa kai yaro rigakafi a ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa ta san Anti Aku. Ko ba ta riƙe fuskarta ba, ta riƙe muryarta. Ita ce mai kiran kati. Teburinta na bakin baranda, tsakanin sikelin awon jarirai da wani famfo da ba ya daina ɗiga. Gajeriya ce mai ɗan jiki, da tabarau rataye a wuya. In ta buɗe baki ta ce, "Iyaye mata, a gyara zama," har masu sayar da katin waya a ƙetaren titi sai sun gyara nasu zaman. An taɓa kawo wa asibitin lasifika, ta yi ta zama a cikin kwali har ta gaji, daga baya aka kai wa wani asibitin da ya fi bukata.

Sababbin ma'aikata kan ɗauka da bakinta a buɗe aka haife ta. Yayarta kuwa in ta ji haka, dariya take yi har da riƙe ciki. Don lokacin suna yara, sai da aka kai Aku wurin likita ya duba ko kunnenta na ji.

Ita ce ta tsakiya cikin 'ya'yan wani mai gyaran keke. Gidansu ɗaki biyu ne da tsakar gida cike da tsofaffin tayoyi, ga keken ɗinkin mahaifiyarsu na ƙara tun safe, ga yara kowa na neman ya fi wani ihu. A cikin wannan hayaniyar ita ba a jin ko tarinta. In baƙo ya ce, "Yarinya, ya sunanki?" sai ta shige bayan ƙofa ta bar masa yatsun ƙafa. Wurin zamanta ƙarƙashin keken ɗinki, tana tsintar ƙyallaye, tana sauraren duk wanda ya shigo.

Yayarta ce ta fara kama ta. Wata safiya ta ji maƙwabciyarsu, wata mata mai faɗan tsiya, tana zagin akuyarta a cikin banɗakinsu. Ta tsaya tana mamaki: me ya kawo matar nan banɗakinmu, kuma har da akuya? Ta leƙa ta saman ƙofa, sai ga ƙanwarta tsugune da kumfar sabulu a ka, tana yi wa bokiti masifa da muryar maƙwabciya, har da ɗan tsakin da matar ke ja a ƙarshe. Daga ranar sunan Aku ya bi ta. Sai dai baiwar tata na da sharaɗi: in ana kallon ta, ko kalma ɗaya ba ta fita.

Da aka sa ta firamare, abin da ta fi tsana shi ne asambili. Ƙararrawar makarantar tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a bishiya. In aka buga, kowane aji ya ja layi a fili, gajeru a gaba, dogaye a baya. A duba farce, a duba gashi, a duba wuyan riga, a rera taken ƙasa, sannan a yi sanarwa: wanda ya yar da takalmi, wanda ya tsinci fensir, ajin da bai yi shara ba. Bisa tsayi, a gaba ya kamata Aku ta tsaya, hancinta kusa da teburin malamai. Amma da an fara waƙa sai ta riƙa zamewa baya kaɗan-kaɗan, har ta ɓuya a bayan wata ƙawarta da ake kira Doguwa.

A can layin baya ta buɗe nata gidan rediyon. Malamar Lissafi mai magana ta hanci, Malamin Wasanni mai haɗiye rabin kalma, mai gadi mai jan gaisuwa, duk suna bakinta. Tana yi ƙasa-ƙasa, leɓenta ko motsi ba ya yi. Waɗanda suka fashe da dariya a fito da su a zane su, ita kuwa tana tsaye da fuskar tausayi, kamar a ba ta ajiyar nama.

Wanda ta fi ƙwarewa a kansa shi ne Hedimasta. Dogo ne siriri, ba ya fara magana sai ya yi tari, dogo ɗaya da gajere a bayansa. Kullum kuma da kalma ɗaya yake rufe asambili: ya yi tarinsa, ya ce, "To, kowa ya nufi aji, ban da gudu." Sai mai ganga ya buga, kowa ya kwasa a guje.

Tana aji huɗu aka ce sufeton makarantu zai zo. Aka yi ta shiri, aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka koyi waƙar maraba, Hedimasta ya rubuta jawabi. Ranar da zai zo aka jera yara tun da sanyin safiya, sufeto bai iso ba sai da rana ta fara cizo. Aka yi waƙa, aka zaunar da shi, Hedimasta ya miƙe da takardarsa. Yana zaro tabarau daga aljihu sai ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin tebur. Teburin an rufe shi da mayafi har ƙasa, don haka da Hedimasta ya durƙusa nema, sai ya ɓace gaba ɗaya.

Doguwa ta ɗan karkato kai ta ce, "Wallahi ƙafata ta mutu. Aku, ki sallame mu mana."

Aku don layin baya kaɗai ta yi niyya. Abin da ba ta lura da shi ba, ranar an matsar da su har jikin bangon aji, filin kuma ya yi tsit saboda baƙo. Ta yi tarin, dogo da gajere, ta ce, "To, kowa ya nufi aji, ban da gudu." Bango ya ɗauki muryar ya watsa ta fili.

Mai ganga bai yi wata-wata ba ya buga. Yara suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Har Malamin Wasanni sai da ya ɗauki bulalarsa ya yi gaba kafin ya tuna ba a yi jawabi ba. Lokacin da Hedimasta ya fito daga ƙarƙashin tebur, da tabarau a hannu da ƙasa a gwiwa, babu kowa a fili sai takalmi wari ɗaya da sufeto a kan kujera.

Sufeto ya dube shi ya ce, "Malam, gaskiya yaranka akwai bin umarni."

Bayan baƙo ya tafi aka shiga bincike aji-aji. 'Yan layin baya suka rantse ba su ji komai ba, Doguwa ma ta ce ita ranar kunnenta ke ciwo. Da an tsira, amma sai aka shiga aji ɗaya, inda ƙanwar Aku take. Hedimasta na tambaya, yarinyar ta ɗaga hannu cike da alfahari ta ce, "Yayata ce! Ta iya na Malamar Lissafi ma!"

A ofis Aku ta tsaya tana kallon ƙafafunta. Hedimasta ya ce, "Maimaita in ji." Shiru. Ya sake cewa, shiru. Sai ya yi wani tunani, ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya ce, "To, ba na kallon ki. Yi."

Ta yi. Ta ga kafaɗunsa na rawa, ta ce a ranta yau kam fushi har ya sa shi karkarwa, kashinta ya bushe. Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo idanunsa sun yi ja, yana goge su da hankici.

Ya ce, "Ba zan dake ki ba. Tunda kina son magana a asambili, daga gobe ke za ki riƙa faɗin sanarwa. A gaba. A kan benci."

Aku ta zube ƙasa. Wannan ne karo na farko da ya ji ta yi doguwar magana, ita ma cikin kuka: "Malam, don Allah a yi mini bulala. Ko nawa ne."

Ya ce, "Bulala ta ƙare."

Da labari ya kai gida, mahaifiyarta ta ce wa maigidan ya je ya ba da haƙuri, yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya ba ina ita ina tsayawa gaban makaranta. Mai gyaran keke ya ci gaba da ɗaure sarƙar da ke hannunsa, ya ce, "Ba inda za ni. Ni ma so nake in ji muryarta. Na ji ta maƙwabciya, na ji tawa, tata ce ban taɓa ji ba."

Washegari aka ɗora ta a kan benci da 'yar takarda a hannu. Ta ɗaga kai ta ga idanu, idanu har bakin katanga. Ta tsaya har hawaye suka zubo, Hedimasta ya karɓi takardar ya karanta da kansa, ya ce mata, "Sai gobe." Goben ma haka, jibi ma haka. Bai yi mata tsawa ba, bai kuma sauke ta ba. Kullum sai ya ba ta lokacinta, makaranta na jira, sannan ya karɓa.

Da ta ga mutumin nan ba shi da niyyar gajiya, sai ta nemo dabara. Wata safiya ta runtse ido, ta toshe hanci daga ciki, ta sanar da ɓatan wata jakar littattafai da muryar Malamar Lissafi. Filin ya kece da dariya, har malamai na juya baya. Malamar Lissafi ta kai ƙara ofis, aka hana Aku muryarta. Washegari ta ɗauko ta Malamin Wasanni, shi ma ya kai ƙara. Mai gadi ne kaɗai ya ji daɗin tasa, har ya aiko a tambaya ko za a maimaita, don lokacin yana bakin ƙofa bai ji farkon ba. Hedimasta ya kafa doka: ban da muryar duk wani mai aiki a makarantar. Sai ta koma kan mutanen unguwa. Ranar da ta yi ta maƙwabciya, ta manta ɗan matar na aji biyar. Da yamma maƙwabciya ta shigo gidansu ta yi musu na gaske, ba kwaikwayo ba. Haka muryoyin suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, har Aku ta rasa wadda za ta ara.

Ranar da suka ƙare tana tsaye a kan benci, ido a buɗe don ba ta da dalilin rufewa, tana tunanin ko ta yi kukan kyanwa ta huta. Sai ta hango wata 'yar aji ɗaya a layin gaba tana layi kamar mai jin barci, leɓenta ya yi fari. Malamai duk hankalinsu na kan masu makara. Aku ba ta san lokacin da ta ɗaga murya ba:

"Malam, yarinyar can za ta faɗi! Ku tare ta! Ku kuma ku matsa baya, ku ba ta iska!"

Aka tare yarinyar kafin ta kai ƙasa, layin ya ja baya kamar an ja shi da igiya. Ashe ba ta karya ba ta fito. Bayan an kai ta inuwa an ba ta shayi, Hedimasta ya dubi Aku ya ce, "Wannan kuma muryar waye?"

Ta ce, "Ina jin tawa ce."

Ya ce, "To, riƙe ta. Ita dai ba mai kawo mini ƙara a kanta."

Ba a rana ɗaya tsoron ya tafi ba. Amma a hankali ta gano abubuwa da kanta: in ka hau kada ka fara sai surutu ya mutu, ka zaɓi fuska ɗaya a can baya ka yi mata magana, in ka yi kuskure ka riga mutane dariya. Hukuncin da kowa ya ɗauka na ɗan lokaci ne, har ta gama firamare ba wanda ya tuna ya ɗage shi, ita ma ba ta tuna wa kowa ba.

Karatunta bai yi nisa ba. Ta taɓa sakandare, ta dawo tana taya mahaifiyarta ɗinki, daga baya ta samu aikin shara a asibitin nan. Wata ranar rigakafi mai kiran kati ya wayi gari murya a dishe, baranda ta cika, mata na ture juna, jarirai na tsala kuka, nas ɗin da ke bakin aiki ta rasa inda za ta sa kanta. Aku ta jingine tsintsiya, ta hau kan matakala, ta jira, ta ce a gyara zama. Tun daga ranar ba ta koma kan tsintsiya ba.

Har yau kafin ta kira kati ko ɗaya sai ta yi abin da ma'aikata ke kira asambilin Anti. Masu jarirai a benci na gaba, masu awo a na baya. Ta yi musu bayanin wanke hannu da ranar dawowa, ta sa su maimaita, ta bi layi tana duba farcen iyaye, ba na yara ba. "Wannan farcen da shi kike ba shi abinci, ko da shi kike noma?" Matar ta ɓoye hannu tana dariya, wani zuwan kuma ta zo da shi a yanke. Yaron da ya ga allura ya sandare, sai ya ji kyanwa na kuka a aljihun nas, kafin ya gama nemanta an gama.

Halin nata kuwa bai bar ta ba. Ta auri wani kafinta, mutum mai sanyi, wanda ya gyara ƙofar kowa a unguwa ban da ta gidansa. Ƙofar kicin ɗinta ta yi shekara tana rataye da hinji ɗaya. Ta yi magana har ta gaji. Rannan ta ari wayar wata nas, ta kira shi da muryar mahaifiyarsa: "Kai, ashe haka ka bar yarinyar mutane da ƙofa a karye? Haka na tarbiyyantar da kai?" Kafin la'asar ƙofa ta gyaru. Da ta ga abin ya yi aiki, sai kantar kwanuka ta biyo baya, sai ƙafar gado, sai kujerar tsakar gida. Kafinta ya riƙa mamakin yadda tsohuwa ke sanin duk abin da ya karye a gidansa, da kuma yadda take yawan aron wayar mutane.

Asirin ya tonu ranar da ta kira a kan maganar taga. Kafinta ya ɗaga waya, ya ji mahaifiyarsa na yi masa faɗa, alhali ga mahaifiyar tasa zaune a kan benci a shagonsa, ta biyo ta gaishe shi daga kasuwa. Ya dubi waya, ya dubi tsohuwa. Sai ya miƙa mata ya ce, "Inna, ga ki nan kina kira."

Tsohuwa ta kara a kunne ta saurara, ta saurara. Can ta ce, "'Yar nan, ci gaba, ban ga inda kika yi ƙarya ba. Ki ƙara masa da maganar rufin ɗakina."

Yanzu Anti Aku ta yi jika, 'yar babbar 'yarta, kuma ita ke raka ta makaranta da safe don uwar na fita aiki da wuri. A wani taron iyaye, shugabar makarantar, wata matashiya mai natsuwa, ta kawo shawarar a rage asambili ya koma sau ɗaya a mako. Ta ce rabin yara ba sa isowa sai an gama, waɗanda suka zo da wuri kuma su ke shan rana.

Anti Aku ta miƙe. Ta jira surutu ya mutu. Ta ce a aji yaro malaminsa kaɗai ya sani da 'yan bencinsa, a fili ne yake ganin makaranta gaba ɗaya, ita ma ta gan shi. A nan yake koyon tsayuwa, da yin shiru in wani na magana, da buɗe baki in an zo kansa. Ta ce in rana ce matsala, ga inuwar bishiyoyi can an bar wa motocin malamai. Iyaye suka yi tafi, malamai masu mota suka sunkuyar da kai.

Shugaba ta yi murmushi ta ce, "Na yarda, Anti, za a koma inuwa. Saura makara. Yara ƙanana ba su ke makarar da kansu ba. Ina ganin duk babban da ya kawo yaro a makare, ya tsaya tare da shi su yi tsintar takardu."

Anti Aku ta ce, "Wannan shi ne magana! Na goyi baya ɗari bisa ɗari." Har ta juya tana hararar sauran iyaye.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne hanyarta. Daga gidanta zuwa makarantar ba nisa, amma babu ƙofar da za ta wuce ba a kira ta ba. Wannan ta fito da jariri a duba mata ƙurji, waccan ta tambayi ranar awo, mai shago ya ce yaya ƙafar maigida. Ita kuma ba ta iya gajeriyar amsa ba. Ranar farko da dokar ta fara aiki, suna isowa suka tarar an rufe ƙofa, ana taken ƙasa a ciki.

Mai gadi ya ce, "Anti, sai haƙuri. Ga kwando."

Ta ce, "Kai, ɗan nan, ni fa ma'aikaciyar lafiya ce, ana jira na."

Jikarta ta ja mata zane ta ce, "Kaka, ke fa kika ce ɗari bisa ɗari."

Haka Anti Aku ta ɗaura gyale a ƙugu, ta bi gefen katanga tana tsintar ledar biskit, ita da wani mai sayar da taya da wani ma'aikacin banki da ya zo da taye a wuya. Shugaba ta wuce ta gaishe su da ladabi, gaisuwar da ta fi faɗa ciwo.

Daga ranar ta canza hanya. Ta koma bin wani lungu ta bayan gidaje inda ba kowa sai kaji, jikar na gaba tana jan ta. Ba a yi mako ba matan layinsu suka haɗo kai suka zo gida, suka ce in laifi suka yi mata ta faɗa, don kowa ya ga ta daina bi ta ƙofarsa. Ta rantse musu ba komai, ta ba su labarin kwando, suka yi dariya har da hawaye. Aka yi yarjejeniya: ta dawo tsohuwar hanyarta, amma mai tambaya ta riƙe tambayarta sai an taso, da safe ɗaga hannu kawai.

Yarjejeniyar na aiki, in ban da mai shago, wanda har yanzu bai yarda ɗaga hannu gaisuwa ba ne. Shi ya sa in sun kusa shagonsa jikar ke cewa, "Kaka, rufe fuska," su wuce da sauri kamar marasa gaskiya, shi kuma yana bin su da kira, yana tambayar ƙafar maigida.